MAI KEKE DA MAI MOTA A GABAN SHARI'A

Keke, wanda dattawa su ke kira basukur, shi ne dokin talaka. Ba ya cin dawa, ba ya shan mai, ba ya bukatar ɗan barga. Da shi manomi ya ke kai buhu kasuwa, da shi mai burodi ya ke zaga ƙauyuka, da shi lebura ya ke isa wurin aiki tun rana ba ta ɗaga ba. Amma hanyar da keke ya ke bi ita ce mota ta ke bi, in kuwa suka gamu kowa ya san wanda zai kwana asibiti.

Ran da mota ta buge mai keke, abu uku su ke karyewa gaba ɗaya: keke, da ƙashi, da hanyar abinci. Keke a kan gyara ko a sayi wani, ƙashi ya kan kama in Allah ya so, amma makonnin da mutum zai yi kwance, iyali suna jiran cefane, su ne ciwon da ya fi daɗewa. Yawancin mutanenmu sai a zo a yi musu sannu, direba ya ajiye ɗan abin da ya samu a bakin tabarma, a ce ƙaddara ce, shi ke nan. To, ƙaddara kam ƙaddara ce. Duk da haka doka ta ajiye wa wanda aka raunana hakki, kuma akwai ƙofar da a ke bi a karɓo shi. Wannan darasi zai nuna maka ƙofar, da aikin lauya a ciki, da abin da za ka riƙa a hannu kafin ka je wurinsa. Gama lauya ɗan dako ne. Abin da ka aza masa shi zai kai gaban alƙali, in ba ka aza masa kome ba, hannu banza zai tafi.

ƘARA IRI BIYU

Ka fara sanin cewa haɗari guda ya kan haifi ƙara biyu. Ta fari ta hukuma ce. 'Yan sanda su ke kai direba kotu, su ce ya yi tuƙin ganganci, ya karya dokar hanya. In an same shi da laifi sai a ci shi tara ko a ɗaure shi. A cikin wannan ƙara kai shaida ne kaɗai, tarar kuwa baitulmali ta ke shiga. Gaskiya ne, tun kundin dokar laifuffuka na Arewa da ya soma aiki a 1960 an ba alƙali iko ya sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, amma kada ka jingina da wannan duka, domin hankalin kotu a ranar yana kan laifin direba, ba a kan lissafin asararka ba.

Ƙara ta biyu taka ce, ita ce ƙarar neman diyya. Kai ne mai ƙara, kai za ka kawo shaidu, kai kuma za a biya. Ma'aunin ƙararrakin nan biyu ba ɗaya ba ne. Kafin a ɗaure mutum sai an tabbatar da laifinsa har ba sauran shakka mai ma'ana. Amma a ƙarar diyya alƙali ya kan aza maganarka a hannu ɗaya, ta abokin shari'arka a ɗaya hannun, ya ga wadda ta rinjaya. Saboda haka ko an sallami direba a ƙara ta fari, ƙofar ta biyu ba ta rufu ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, da sun ji an saki direba sai su naɗe tabarma.

RANAR HAƊARI

Rai shi ne gaba da kome. A kai mai rauni asibiti nan da nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi taimakon mutumin da ya ke bukatar agajin gaggawa, ko da wane dalili. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar da a ke kira ta waya, ita ce 122.

Bayan wannan, ga inda karatun da ka koya zai yi maka rana. Kowace mota tana da lamba gaba da baya, baƙaƙe da alkaluma. Wanda bai iya karatu ba sai ya ce, "Wata farar mota ce ta buge ni." Fararen motoci nawa ke cikin Kano? Amma wanda ya iya, ko kai ko wani da ke tsaye wurin, zai rubuta lambar a takarda, ko a tafin hannu, ko a ƙasa da tsinke kafin a samo alƙalami. Da wannan lamba a ke gano mai motar, da ita kuma a ke gano kamfanin da ya tsaya masa. In da mai waya kusa, ya ɗauki hoton motar, da keken, da inda kowanne ya tsaya, tun ba a janye su ba.

Sa'an nan shaidu. Taron da ya kewaye ka ba zai yi rabin sa'a ba ya watse, matafiyi kuwa ba ka sake ganinsa. Nemi waɗanda su ke zaune a wurin kullum: mai shayi, mai faci, mai tireda, mai gadin wani gida. A rubuta sunansu da inda a ke samunsu. Shaidar mutum ɗaya wanda ba danginka ba ne, ya kuma gani da idonsa, ta fi ta 'yan'uwa goma waɗanda suka iso bayan an gama.

Doka ta wajabta wa direba ya tsaya, ya kuma kai rahoto. Kai ma ka tabbata an rubuta maganar a ofishin 'yan sanda. Su za su zo su auna wurin, su zana taswirarsa, su duba sawun taya inda aka taka burki, ma'aikacin duba motoci kuma ya gwada motar ya ga ko burkinta yana kamawa. In sun rubuta jawabinka, kada ka sa hannu sai ka karanta, ko an karanta maka cikin harshen da ka ke ji. Keken kuwa, kome lanƙwashewarsa, kada ka yi gaggawar kai shi wurin mai gyara. Inda ya lotsa yana faɗin ta inda aka buge shi. Keken da gargarensa na baya ya murɗe ya riga ya ba da shaida cewa ta baya aka zo masa.

Akwai wata magana da ba ta da daɗin ji, amma tilas a faɗe ta. Mutanenmu sun amince da maɗori, akwai kuwa maɗora masu hannu. Amma maɗori ba ya ɗaukar hoton ƙashi, ba ya rubuta ranar da ka zo da irin karayar da ya gani, ba ya ba da rasit. Ran da aka tsaya gaban joji, lauyan wancan gefe zai ce, "Ina shaidar cewa ƙafar nan a haɗarin nan ta karye?" In babu takardar likita, ka shiga uku. Ban da wannan ma, karayar da ƙashi ya huda fata, in an ɗaure ta tam da karare ba a wanke ta yadda ya kamata ba, tana iya ruɓewa har a rasa ƙafar. Fara da asibiti, a ɗauki hoto, a rubuta. Kowace takarda da aka ba ka, ta magani, ta gado, ta hoto, har ta motar da ta kai ka, samo gwangwani mai murfi ka riƙa tarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

WA ZAI BIYA?

Sau da yawa direban da ya buge ka talaka ne kamarka, motar ma ba tasa ba ce. Wannan shi ya kan sa mutum ya ji tausayi ya ce ya yafe. Amma doka ta ce in bara ya yi ɓarna yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma ya shiga ciki. Saboda haka a kan haɗa direba da mai mota a yi ƙararsu tare, ko mai motar mutum ne ko kamfani.

Bayan mai mota kuma akwai inshora. Ga yadda ta ke. Kowane mai mota yana biyan wani kamfani kuɗi kaɗan kowace shekara, kamfanin kuwa ya ɗauki alkawari cewa in motar ta yi wa wani ɓarna shi zai biya. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda aka buge shi ne na uku, don haka a ke kiranta inshorar mutum na uku. An yi dokarta a Nijeriya a 1945, ta soma aiki a 1950. A 2025 aka yi sabuwar dokar inshora wadda ta haɗiye tsohuwar, amma wajibcin yana nan: ba a yarda mota ta hau hanya ba tare da ita ba. A farkon 2023 aka ƙara kuɗinta ga ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya kuma aka ɗaga iyakarsa daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, watau keke da kayan da ke kansa. Lissafin rauni da na rai dabam ne.

To, ka gani, kuɗin da za a biya ka an riga an tara su tun kafin ka fito daga gida ran nan. Wanda ya yafe wa direba bai yi laifi ba, yafiya halin manya ce. Amma ya kamata ya san abin da ya yafe, da wanda ya yafe wa. Sau da yawa mutum yana tsammani ya tausaya wa direba mai 'ya'ya, alhali kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ya sauke wa kaya, 'ya'yansa shi kuwa suna kwana da yunwa.

Sai dai a lura, akwai takardun inshora na jabu da yawa, waɗanda a ke saya don a nuna wa 'yan sanda kawai. Kamfanonin inshora suna da rajista guda inda a ke duba lambar mota ta waya a ga ko takardarta ta gaskiya ce, wannan yana cikin abin da lauya zai fara yi. In ta jabu ce, nauyin ya koma kan mai mota da direbansa, daga aljihunsu.

LAIFIN WA?

Ba kowane wanda aka buge a ke biya ba. Sai ka nuna cewa direba ya yi sakaci, watau bai yi hankalin da mai hankali zai yi ba a wurin: ya yi gudu cikin kasuwa, ko ya sha kwana bai duba ba, ko ya buɗe ƙofa a gabanka, ko ya fito da mota marar burki. Shi kuwa zai ce kai ne ka jawo.

Dokar sakaci da kotunanmu su ke bi daga Ingila ta zo tare da Turawa, akwai kuwa tsofaffin shari'u biyu na can waɗanda har yanzu a ke koya wa masu karatun lauya. A 1809 aka yi shari'ar wani mutumin garin Darbi wanda ya gicciya sanda a kan hanya yana gyaran gidansa. Da magariba wani ya taho a kan doki a sukwane, ya ci karo da sandan, ya faɗi ya ji ciwo. Ya yi ƙara, alƙalai suka ce da sauran haske, da yana tafiya a hankali da ya ga sandan. Bai sami ko anini ba. Daga nan ya zama ƙa'ida, wanda ya ke da hannu cikin abin da ya same shi, kome ƙanƙantarsa, ba shi da diyya.

A 1842 kuma wani ya dabaibaye jakinsa ya bar shi yana kiwo a kan hanya. Keken dawaki ya gangaro da gudu ya take jakin, ya mutu. Mai keken dawakin ya ce, ai mai jaki ne ya fara laifi. Alƙalai suka ce, ko da ya ke bai kamata a bar jaki a hanya ba, wannan bai ba kowa izinin take shi ba, tun da ya ke da an yi hankali da an kauce masa. Aka biya mai jaki.

Ka ga shari'a ɗaya ta hana duka, ɗaya ta ba da duka. A 1945 Ingila ta yi doka cewa a riƙa raba laifi, daga baya Nijeriya ta bi sahu, shi ne kuwa abin da a ke yi yanzu. Alƙali zai duba ya ce, direba yana da kashi kaza, mai keke yana da kashi kaza, sa'an nan a rage diyya gwargwadon rabon mai keke. Saboda haka fitila da ƙararrawa da burki mai kamawa suna tsare ranka a hanya, suna kuma tsare kuɗinka a kotu. Mai keke hannun dama ya ke bi, kamar mota, tun ran 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta bar bin hagu. Wanda ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya yi tafiyar dare ba fitila, ko ya riƙe bayan babbar mota tana jansa, ya ba abokin shari'arsa sanda.

ƊAUKAR LAUYA

Kakanninmu ba su saba da lauya ba, da dalili kuwa. A zamanin Turawa ba a yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ta En'e ba, kowa da bakinsa ya ke magana. Ɗan Arewa na fari da ya zama lauya shi ne Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, a 1955, a Ingila ya yi karatu. A 1962 aka yi dokar kafa Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, yanzu tana da rassa har a Bagauda ta jihar Kano da kuma Yola. Mutum ba ya zama lauya sai ya gama jami'a, ya wuce wannan makaranta, an kuma rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli. Kowane lauya na gaskiya yana da hatimi daga Ƙungiyar Lauyoyi, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ya ke mannawa a takardun da ya rubuta. Baƙar kwat ba ita ce shaida ba, ana sayar da ita a kasuwa.

In ciwon ƙujewa ce kawai, da taya da ta fashe, ba sai an kai ga lauya ba, a daidaita a gaban dattawa a wuce. Amma in akwai karaya, ko kwanciya asibiti, ko naƙasa, ko rasa rai, ko kuwa kamfani ne a wancan gefe, to, nemi lauya, gama su da nasu za su zo.

Yi hankali da wanda ya zo maka har gadon asibiti ba ka kira shi ba, yana cewa zai samo maka miliyoyi. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta hana su farautar masu rauni, ta hana su aika 'yan kamasho su jawo musu mutane. Wanda ya karya ƙa'idar sana'arsa don ya same ka, ba zai ji nauyin karya alkawarinka ba. Tambayi mutanen da ka amince da su, ka je ofishin da ƙafarka, ko ka aiki ɗan'uwa. Ka tambaye shi ko ya taɓa yin shari'ar haɗari, domin lauyoyi kamar maƙera su ke, wani na baƙi, wani na fari.

Maganar lada a gama ta tun ran fari, a kuma rubuta. Wani lauya ya kan yanka kuɗinsa gaba ɗaya, a biya kashi kashi. Wani kuwa ya kan yarda ba za a ba shi kome ba sai an ci shari'a, sa'an nan ya ɗauki rabo daga abin da aka samu. An halatta wannan a ƙarar diyya, muddin rabon bai wuce hankali ba, ga talaka kuwa sau da yawa ita ce hanya. Amma tambaya, kashi nawa cikin ɗari? Kuɗin shigar da ƙara, da na kai sammaci, da na kawo likita ya ba da shaida, wa zai biya, kuma in an faɗi shari'a a kan wa za su zauna? Kada kunya ta hana ka. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma sai an san ladan tukuna.

Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha. Ƙarar diyyar haɗari tana cikin ayyukan da dokarta ta ba ta, ga mutumin da samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024.

In ka zauna da lauyanka, gaya masa gaskiya duka, har wadda ba ta yi maka daɗi. In ba ka da fitila daren nan, faɗa masa. Sirrinka amana ne a wurinsa, doka ta hana shi fitar da shi. Gara ya ji daga bakinka a ofis, ya shirya, da ya ji daga bakin shaidar wancan gefe a tsakiyar kotu. Ba shi kwafin takardunka, in kuwa ya karɓi na asali, ya rubuta maka cewa ya karɓa.

LISSAFIN DIYYA

Kalmar diyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamai sun daɗe suna karantar da ita a cikin Risala: diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, hannu guda ko ido guda rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Littafin ya kuma ce mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, suna lamunin abin da ta taka. Watau tun kafin a ƙera mota an san cewa mai abin hawa shi ke ɗaukar ɓarnarsa. Har ma diyyar kisan kuskure dangin mai laifi su ke haɗawa, kowa ya kawo nasa, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya.

A Babbar Kotu ba a yanke wa kowace gaɓa kuɗi tun da wuri ba. A kan kasa diyya gida biyu. Gida na fari shi ne asarar da a ke iya ƙirgawa: kuɗin asibiti, kuɗin keke, cinikin da ya wuce ka. Wannan sai an rubuta shi dalla-dalla a takardar ƙara, an kuma tabbatar da shi ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a rubuta ba alƙali ba zai ba ka ba, ko ya ga ka cancanta. Nan ne gwangwanin nan naka zai yi magana. Gida na biyu shi ne abin da ba shi da rasit: zafin ciwo, da ɗingishin da zai bi ka har kabari, da ƙarfin neman abinci da ya ragu. Wannan alƙali ne ya ke kimantawa, bisa ga takardar likita, da shekarunka, da sana'arka, da abin da aka ba waɗansu masu irin rauninka a shari'un baya.

Bari mu yi misali da alkaluma, don ka gwada lissafinka. A ce mai burodi ne, yana samun ribar naira 4,000 a yini, kwana 6 a mako. Ya yi mako 10 bai fita ba, watau kwanan aiki 60, naira 240,000 ke nan. Asibiti ya ci 170,000, keke 80,000, zirga-zirga 10,000. Gida na fari ya tashi 500,000. A ce alƙali ya kimanta gida na biyu 1,500,000, duka ya zama 2,000,000. Amma an tabbatar ba shi da fitila, alƙali ya aza masa rubu'in laifi, aka cire 500,000, saura 1,500,000. Lauya kuma an yi da shi a kan kashi 20 cikin 100, ya ɗauki 300,000. Abin da mai burodi zai kai gida 1,200,000 ne. Dubi abin da rashin fitila ya ci masa, ka gwada da kuɗin fitila. Ka kuma lura, ribar nan ta 4,000 sai ya nuna ta. Mai ɗan littafi inda ya ke rubuta cinikinsa kullum ya huta, marar shi sai ya kawo mai gidan burodi ya yi masa shaida.

LOKACI DA SULHU

Hakki yana da wa'adi. Kowace jiha tana da dokar da ta yanke lokacin da za a shigar da ƙara, in ya wuce, kome gaskiyarka kotu ba za ta saurare ka ba. A Abuja da Legas shekara 3 ne ga ƙarar rauni. Waɗansu jihohi nasu ya bambanta, wannan tambaya ce ta ran fari a ofishin lauya. Amma ga inda ramin ya ke: in ma'aikacin gwamnati ne ya buge ka yana bakin aikinsa, akwai tsohuwar doka tun ta 1916 mai kāre ma'aikata, wadda ta ba da wata 3 kacal. Waɗansu hukumomi kuma sai an aika musu da takardar sanarwa kafin a yi ƙararsu. Wata 3 kuwa mai karayar cinya bai ma ajiye sanda ba. Saboda haka in motar hukuma ce, kada a jira ka warke, wani naka ya tafi wurin lauya cikin makon nan.

Lauyan kirki ba da kotu ya ke farawa ba. Zai rubuta wa mai mota da kamfanin inshora, ya faɗi abin da ya faru da abin da a ke nema, ya haɗa da kwafin takardu. Sau da yawa a nan a ke daidaitawa. Shari'a a Babbar Kotu tana iya cin shekaru, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, don haka sulhu mai kyau ya fi hukuncin da za a daɗe ana jira. Kotuna da kansu sun buɗe zaurukan sulhu, na Legas a 2002, na Kano a 2009, inda a ke zama da mai shiga tsakani, abin da aka amince kuwa joji ya sa masa hannu ya zama kamar hukunci. In kamfanin inshora ya yi ta ja maka rai ba dalili, ana kai kukansa ga Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa.

Amma kada ka karɓi sulhu likita bai gama faɗin inda ciwon zai tsaya ba. Takardar da a ke ba mutum ya sa hannu ran biya ta kan ce ya karɓi wannan kuɗi a matsayin biya na ƙarshe, ba shi da sauran magana har abada. In bayan wata shida ƙafa ta ƙi, aka ce sai an sake aiki, ba inda za ka koma. Mu da muka saba da aikin tafinta mun san kalma guda ta Turanci tana iya ɗaukar abin da sai an yi zance uku da Hausa kafin a fitar da shi. Tun zamanin Turawa akwai dokar da ta ce wanda ya rubuta wa marar karatu takarda, sai ya karanta masa, ya kuma sa sunansa da inda ya ke zaune a jikinta. Kai da ka fara karatu, karanta da kanka iyakar iyawarka, inda ya fi ƙarfinka a fassara maka, ka sake tambaya har ka gane. Haka kuma a kotu, in tafinta ya faɗi abin da ba ka fahimta ba, ce ba ka fahimta ba, alƙali zai sa a maimaita.

Lauya ba shi da iko ya karɓi sulhu ba da yardarka ba, shawara ce tasa, yanke magana naka ne. In kuɗi sun fito ta hannunsa, ƙa'ida ta ce ya ajiye su a asusun banki dabam, kada ya gauraya da nasa, ya kuma ba ka lissafi a rubuce: ga abin da aka biya, ga ladansa, ga abin da aka kashe, ga naka. Wanda ya ci amanar wannan, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, yana da iko ya dakatar da shi, ko ya soke sunansa daga littafin Kotun Ƙoli.

In kuwa mai keke ya rasu, Allah ya kiyaye, ƙarar ba ta mutu tare da shi ba. Matarsa da 'ya'yansa da iyayensa, waɗanda ya ke ciyarwa, suna da hakkin neman diyyar abin da suka rasa. Takardun da za su nema su ne waɗanda aka ambata a baya, sai a ƙara da takardar likita mai faɗin sanadin mutuwa. Da ya ke mu kan yi jana'iza da wuri, wani daga cikin dangi ya tsaya ya karɓi wannan takarda kafin a bar asibiti.